Gwaggo da Sunan Ɗan Farinta

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Gwaggo ta cika ranar Talata da hantsi, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ko da maza suka dawo daga maƙabarta, layinmu na Agege ya cika har danfo, motar hayar Legas, ba ya iya ratsawa. Matan Idi-Araba sun zo da kulolin abinci, fataken Alaba Rago sun zo da warin ragunansu a jikin riguna, 'yan dakon Mile 12 kuwa suka jeru a bakin kwata kowa kansa a sunkuye, domin da yawansu wainar Gwaggo ce abu na farko da suka ci a Legas. Iya mai ɗinki, Bayarabiyar da muka haɗa katanga da ita shekara da shekaru, ta zube ƙasa tana birgima tana cewa, "Ah, Mama Waina! Mama Waina o!" Matanmu suna ta yi mata nasiha wai mu ba ma irin wannan kukan. Ni dai ban hana ta ba, domin ta yi mini wanda na kasa yi.

Ina cikin raba ruwa a tsakar gida na ji magana biyu da suka hana ni sukuni har yau. Wata hajiya ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya jiƙan baiwar Allah, mace mai haƙuri, ba a taɓa jin kanta da kowa ba." Ta kusa da ita kuma ta kare baki da gefen mayafi ta ce, "Ai yanzu rigimar yaron nan ta ƙare, unguwa ta huta." Ta ɗauka ban ji ba. Ta farko ta yi wa Gwaggo ƙarya, ko da yake da kyakkyawar niyya. An ji kan Gwaggo da mutane da yawa, kuma ba ta taɓa roƙon a ɓoye mata hakan ba. Ta biyun kuwa kanta ta yi wa ƙarya, domin rigimar ba ta ƙare ba. Ni malamar firamare ce, rubutun littafi ba aikina ba ne, amma ba zan zauna a mayar mini da Gwaggo wata tsohuwa mai sanyin hali da ba a taɓa yi ba. Yaron da ake nufi ɗanta ne. 'Yan bindiga suka kashe shi a jami'a, aka kuma laƙa masa cewa da shi aka haɗa baki. Shekarunta na ƙarshe duk a kan wanke sunansa suka tafi.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ranar da aka yaye ni ta zo ta goya ni ta ce na zama tata, ba wanda ya yi gigin musawa. Mijinta mai sayar da goro ne, ya rasu tun ban yi wayo ba, ya bar ta da ɗa ɗaya da tandar waina. A bakin layi take kafa tandar, daga asuba zuwa hantsi, tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana juya waina tana kallon duk abin da ya motsa a titi. Ba ta ɓata wajen gane sabon zuwa. Sai ka ji ta ce, "Wancan jiya tirela ta sauke shi, dubi yadda yake tsoron tsallaka titi." Ta kira shi, ta zuba masa waina da miyar taushe, ta tambayi ƙauyensu, ta faɗa masa gidan da zai samu mutanen garinsu. In ya cika godiya ta kore shi, ta ce yana tare mata masu saye. Yarbanci a bakinta kamar a Ibadan aka binne cibiyarta. Na taɓa ganin ta wanke wani ɗan tasha da ya taka mata itace, cikin yarensa, har abokansa suka riƙa tafi suna yi masa dariya.

Bakin nan da bai bar kowa ba, abu ɗaya ya gagare shi: sunan ɗanta. Gwaggo ta taso a ƙauyen da uwa take alkunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane. Legas ta canza mata abubuwa da yawa, ban da wannan. Yaya, haka nake kiransa, yana zaune tsawon hannu da ita za ta juyo gare ni ta ce, "Ce wa yayanki abinci na ɗaki." Ko kuma, "Ce wa wancan ya rage gudu da babur, titin ba na ubansa ba ne." Shi kuma ya danne dariya ya ce, "Ce wa Inna na ji." Ta kaina duk maganarsu take bi. Da yake ni da shi taubasai ne, wani lokaci nakan ƙara gishiri, in ce an ce ya wanke mini takalma.

Ranar da ya samu gurbi a jami'a da gudu ya shigo layi yana ɗaga takarda. Gwaggo ko kai ba ta ɗaga daga tanda ba, ta ce, "To, sai aka yi yaya?" Da azahar na shiga ɗaki na same ta riƙe da takardar a juye, don ba ta san boko ba, tana shafa ta da tafin hannu. Tana ganina ta tura ta ƙarƙashin matashi ta ce carbinta take nema.

Ita ta zaɓa masa Arewa. Hausarsa ce take ba ta haushi. Haihuwar Agege ne, ya yi okada, wato acaɓa, a lokutan hutu, in ya buɗe baki sai ka ji, "Ina zuwa yanzu, make I park." Gwaggo ta ce wannan ba Hausa ba ce, ba Yarbanci ba, fate ne. Ya tafi gida ya ga mutane, harshensa ya miƙe. Haka aka ɗora tsohon babur ɗinsa a tirelar shanu mai komawa, da sarƙar da yake ɗaure shi da kwaɗonta. Ba zan kira sunan jami'ar ba, masu ita sun san kansu.

Yana shekara ta uku abin ya faru. Litinin ce da safe, makarantarmu tana hutu, ina zaune wajen tanda. Wayar Gwaggo ta yi ƙara a ƙullin zaninta. Ta duba, ta ga hotonsa, ta miƙo mini kamar kullum. Na ɗauka da tsokana na ce, "Ɗan Legas, yau an tuna da mu?" Sai na ji wata ƙara a bayansa kamar ana jifan kwanon rufi da duwatsu. Yana haki ya ce, "Ba ni Inna."

Na ce, "Gwaggo, ke yake nema."

Akwai maza uku a benci suna cin waina. Ba ta juyo ba, ta ce, "Ce masa ina jin sa."

Ya ce, "Ki ba ta. Don Allah ki ba ta."

Na tura mata wayar har kusa da fuska. Ta ajiye cokali, ta dubi mutanen da ke benci, ta tsaya goge mai a gefen zani. Ko da ta kai wayar kunne ta yi sallama, layin ya riga ya katse. Mun kira har wayar ta yi zafi, ba a ɗauka ba. Kafin azahar labari ya cika gari cewa 'yan bindiga sun shiga jami'ar suna harbin ɗalibai a ɗakunan karatu. Ban taɓa zagin al'adar iyayena ba, amma tun daga safiyar nan ba na ƙaunar wannan ɗaya, kuma ba na ɓoyewa.

Mu uku muka tafi, ni da ita da Baba, mahaifina. Tafiyar yini da kwana ce a mota. Kafin mu isa an riga an binne shi, domin ba shi da kowa a garin da zai tsaya masa. A ofishin masu bincike wani jami'i ya buɗe littafi ya ce, "Hajiya, sunan ɗan naki?" Gwaggo ta buɗe baki, ta rufe, ta juyo ta dube ni. Ni na faɗa. Jami'in yana ji fuskarsa ta canza, ya sa aka rufe ƙofa.

Ya ce an samu gawar Yaya a wajen babban ɗakin karatu. An ɗaure ƙofar ɗakin da sarƙa ta waje, an sa kwaɗo, makullin kuma yana aljihunsa. Ɗaliban da suka mutu a ciki ta taga aka harbe su. Ya ce, wa zai kulle mutane a ɗaki ana harbi, in ba wanda yake so kada su tsira ba? Ga shi baƙo, ba a san asalinsa a garin ba, Hausarsa ma wata iri. Ba su kai maganar kotu ba, ba su kuma janye ta ba. Sun dai fitar da sunayen ɗaliban da aka kashe babu nasa, duk wanda ya tambaya a ce masa ana bincike.

Wanda ya zauna a Legas ba sai an yi masa bayanin sarƙar nan ba. Kowane layi a unguwarmu yana da ƙofar ƙarfe. In rikici ya tashi, wanda ya fi kusa shi yake jan ƙofa ya ɗaure, ba ya jiran a ce masa. Yaya ya taɓa yin haka a layinmu yana ɗan shekara goma sha biyar, ranar da faɗan kasuwa ya malalo cikin unguwa, dattawa suka yi ta sa masa albarka. Na je na duba ƙofar ɗakin karatun da idona. Ba ta da sakata a ciki, marikanta biyu a waje suke, ta nan kaɗai sarƙa za ta shiga. Gwaggo ta yi wa jami'in wannan bayanin dalla-dalla. Ya rufe littafinsa ya ce, "Hajiya, nan ba Legas ba ce."

Jita-jita ta riga mu isa Agege. Wasu sun zo gaisuwa a tsaye, ko tabarma ba su taka ba. Da kunnena na ji an ce ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Cikin makon jami'an tsaro suka zo da motoci suka kwashi 'yan okada a mahaɗarmu, wasu sai da suka yi makonni kafin a sake su. Sai dattawan unguwa suka turo Baba. Adda yake kiranta, kuma tun suna yara yake shakkarta, amma ranar ya zo da ƙarfinsa.

Ya ce, "Adda, ki yi wa Allah ki bar maganar nan. Mu baƙi ne a garin nan. In aka ci gaba da cewa ɗan Agege yana cikin 'yan bindiga, wa kike jin za a kwasa? 'Ya'yan mutane. Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya san gaskiya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Ta ce, "Da me yake dafawa, da zama? Ai sai ya hura wuta. A nan na haihu, a nan na binne miji, yau kai ne za ka ce mini baƙuwa? Shirun da kuke so in yi, shi ne in ɗangwala yatsa a kan abin da suka faɗa."

Baba ya hasala. Ya ce, "Ke da ko sunansa ba kya iya kira, a gaban wa za ki tsaya?"

Gwaggo ta dube shi ta ce ya ɗauki takalmansa. Shekara biyu gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Tsoron Baba ba na banza ba ne, na ga matan da aka kwashe wa maza suna kuka a ƙofar gidanmu. Duk da haka na daɗe ina jin haushinsa, kuma ya sani.

Wata mai sayar da doya a Mile 12, Kirista daga Filato, ita ta kawo mana labarin farko mai amfani. Ta ce 'yar ƙanwarta tana cikin ɗakin karatun ranar, an kawo ta gidan kawunta a rukunin ma'aikatan jirgin ƙasa na Ebute Metta ta huta. Ta ce yarinyar ba ta magana, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado. Ni tuni na fara cajin waya don in naɗi muryarta. Gwaggo ta ce in bar wayar a gida.

Mun same ta a lungun ɗaki, ta rame, gashinta ya cukurkuɗe. Gwaggo ta dube ta, ba ta tambaye ta komai ba. Ta buɗe kular waina ta ajiye a gabanta, ta nemi mataji da man kitso, ta zauna ta jawo kan yarinyar bisa cinyarta. Awa uku tana tsefewa tana kitsewa, tana ba matar gidan labarin tsadar shinkafa. A danfo muna komawa na kasa haƙuri, na ce, "Gwaggo, bakin yarinyar nan kaɗai ya rage mana, kin tashi ba ki tambaye ta ba!" Ta ce, "Ita ma 'yar wata ce. Ba zan tsaga ta in ciro abin da nake so ba."

Duk Asabar sai ta rufe tanda da wuri ta tafi Ebute Metta, wata da watanni. Ba ta taɓa gaya mata ko ita uwar wane ce ba. Ran nan tana cikin kitso ta yi dariyar wani abu, sai yarinyar ta ɗago ta zuba mata ido ta ce, "Mama, wushiryan ki irin na shi ne." Gwaggo ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da kitso, hawaye yana ɗiga a kan gashin. Ko ranar ba ta roƙe ta komai ba.

Da shekara ta zagayo, jami'ar ta gina bango a gefen ɗakin karatun, aka shafe shi da farin fenti, aka rubuta sunayen mamatan da baƙi. Aka gayyaci iyaye taron addu'a. Mu ba a gayyace mu ba, mun dai je. Muka zauna a baya cikin rana ana karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowace uwa in aka zo kan nata sai ka ji shesshekarta. Mai karantawa yana naɗe takarda Gwaggo ta miƙe. Ta ce, "Saura ɗaya."

Kowa ya juyo. Sai ta kira sunansa, da na ubansa, da na kakansa. Tun da nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Da farko ya fito a shaƙe, kamar zai maƙale mata a wuya. Ta sake, ya fito sosai. A na uku har bangon ya amsa. Ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, ɗan farina ne, ɗalibinku ne, a ƙofar nan aka kashe shi." Ni da na zo don in riƙe ta, ita ce ta ƙare da riƙe ni.

Masu gadi sun taho za su fitar da mu, sai muka ji murya daga can gefe. Yarinyar Ebute Metta ce, ta biyo kawunta ba tare da ta gaya mana ba. Ta miƙe ta ce, "Ina ciki ranan. Na gan shi. Mun so mu gudu waje, shi ya tura mu ciki, ya ce make una lie down, kar kowa ya tashi. Ya fita ya ja ƙofa. Sun zo sun buga, sun buga, bai buɗu ba. Sun ce ya ba su makulli, ya ƙi. Mun ji da kunnen mu. Da sun shiga, ba wanda zai rage." Tana zama wani ɗalibi ya miƙe ya ce haka aka yi, sai wani, sai wata. Ashe sun sani tun farko, tsoron a tsare su da sunan shaida ne ya rufe musu baki.

Wani babba mai rigar malamai ya karɓi lasifika ya ce za a kafa kwamiti ya duba. Gwaggo ta tambaye ni, da muryar da na gaba za su ji, shi wannan Kwamitin ɗan wane gari ne, a nuna mata gidansu ta je ta gaishe shi. Yau shekara shida kwamitin yana dubawa. A ganina, sa sunan Yaya a bangon nan yana nufin su yarda sun yi wa mamaci ƙazafi, su kuma yarda ɗalibi da sarƙar babur ya yi aikin da aka ɗauke su su yi. Sun gwammace a ci gaba da dubawa.

Muna dawowa Agege ta aike aka sayo mata littafin rubutu da fensir. Bayan ta tashi daga tanda ta zo ta zauna a tabarmar da nake koya wa yaran layi darasi. Ta ce, "Ba karatu nake so ba, kada ki ɗauko mini abacada. Sunan nan kaɗai za ki koya mini." Ta damƙi fensir kamar muciya. Ta karya fensirori ban san iyaka ba, in na gyara mata hannu ta ce ni ma ai ba da shi aka haife ni ba. Wata uku muka yi. A cikin watannin nan ne, sau ɗaya tak, ta taɓo maganar wayar. Tana tsakiyar wani harafi ta tsaya ta ce, "Hannuna nake gogewa. Kunyar mutum uku nake ji, ga shi yau ko fuskarsu ban tuna ba." Ta share ido da bayan hannu ta ce in nuna mata na gaba.

Da taron ya sake zagayowa ta je wajen mai rubutun jikin danfo ta samo ƙaramin gwangwanin baƙin fenti da buroshi. Aka karanta sunaye, ta miƙe ta faɗi nata, aka watse. Da rana tsaka, a gaban kowa, ta durƙusa a gindin bangon ta rubuta sunan a ƙarƙashin na ƙarshe. Rubutun ya karkace, ya gangara ƙasa, amma yana karantuwa. Masu gadi suka kai mu ofishinsu. Ta zauna ta tambaye su ko sun karya, ta buɗe kula. Ba su san abin da za su yi da tsohuwa mai fenti a yatsu ba, suka sallame mu. Bayan mako guda yarinyar nan, wadda ta koma ta ci gaba da karatunta, ta kira ta ce an shafe.

Gwaggo ta ce, "To, ai suna da farin fenti, ni ina da baƙi."

Haka aka yi ta yi kowace shekara. Su shafe, ta rubuta. Wurin har ya yi tudu saboda yawan shafe-shafe, in ka sa hannu za ka ji. A shekara ta huɗu tsohon mai gadin yana hango mu ya juya baya ya shiga kallon bishiyoyi, da muka zo wucewa ya ce a hankali, "Hajiya, ki ɗan matsa dama, can ya fi bushewa." Ɗaliban da ba su taɓa ganin Yaya ba yanzu da sunansa suke kwatancen ƙofar.

A Agege kuwa, sunan da ta haɗiye shekara ashirin da wani abu ya zama ba ta yini ba ta kira shi ba. Duk sabon zuwa da ta zuba wa waina sai ya ji labarin ɗanta da sarƙarsa kafin ya gama ci. Wasu da suka yi gaisuwa a tsaye sun dawo sun zauna sun nemi gafara, ta ce su je su faɗa a inda suka faɗi ta farko. Wasu kuma sun gaji da ita, suna cewa tsufa ne. Ba ta damu ba. Iya mai ɗinki ta taɓa ce mata ta huta haka nan, jikinta ba na da ba ne. Ta ce hutu yana nan gaba, mai tsawo ma kuwa.

Bana ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, muka kwantar da ita a asibiti saura wata biyu taron. Safiyar Talatar nan ta buɗe ido ta ce, "An goge?"

Na ce, "An goge, Gwaggo."

Ta ce, "Fentin yana ƙarƙashin gado. In ya yi kauri ki sa masa kananzir. Kuma kada ki yi musu na kunya, ki rubuta da girma."

Bayan wannan kalmar shahada ce kawai ta fito daga bakinta. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya mata kabari kamar yadda ta sanyaya cikin baƙi masu yunwa. Allah ya sada ta da ɗanta a gidan da uwa ba ta kunyar kiran ɗanta, ya jiƙan duk 'ya'yan mutane da aka kashe suna neman ilimi. Waɗanda suka harbe su, da waɗanda suka ɓata sunan mamaci don su rufa wa kansu asiri, mun bar su da Wanda ba a kafa masa kwamiti.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse an naɗe tabarmi, Baba ya shigo ɗakinta. Shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta, amma tun ranar bai ce mini komai ba sai sannu. Ya zauna a kujerarta 'yar tsuguno, gwiwoyinsa har ƙirji. Ya miƙa hannu ya ɗauko littafin rubutun a kan taga, ya riƙa buɗe shafi bayan shafi, suna ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Baba ɗan kasuwa ne, allo ya yi, ajami yake rubutawa, bai taɓa zama a aji ba.

Ya ce, "Yaushe ne taron nasu?"

Na faɗa masa. Bakina bai bar ni ba, na ƙara da cewa, "Ai na ɗauka mu baƙi ne, Baba."

Ya nemo shafin da ba a taɓa ba, ya ɗauki guntun fensirinta ya damƙe. Ya dubi takardar ya ce, "Ta wane ɓangare ake farawa?"

Na durƙusa kusa da shi na kama hannunsa. Na ce, "Ta hagu, Baba."